Tambayoyi da Amsoshi: Wahalar Tashi da Safe da Rashin Silo Bayan an Canja Injin Corolla Mai Injekta

Wannan shafi ya tattara tambayoyin da masu mota da makanikai suka fi yi bayan an sauke tsohon inji an ɗora na Beljiyam, sai motar ta riƙa ƙin tashi da asuba, ko kuma ta kasa riƙe silo, wato juyin inji idan ba a taka totur ba, har sai ta yi zafi. An gina amsoshin a kan injin Toyota 1ZZ-FE mai lita 1.8, wanda ke cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008, domin inji ne da ake yawan nema a Ƙofar Ruwa da ke Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Alƙaluman da aka kawo nasa ne, amma hanyar binciken ta shafi kusan kowane injin fetur mai injekta.

Me ya sa matsalar take bayyana da sanyi kawai, da zarar inji ya yi zafi sai ta ɓace?

Domin injin da ya kwana yana buƙatar abubuwa biyu fiye da injin da ya yi zafi, wato ƙarin mai da ƙarin iska. Fetur ba ya cin wuta sai ya zama tururi, kuma idan ƙarfe ya yi sanyi, wani kaso na man da nozul ya fesa yakan manne a bangon hanyar iska maimakon ya gauraya da ita. Ga shi kuma baƙin mai ya yi kauri, yana riƙe inji. A zamanin kafireto cok ne ke magance wannan. A mota mai injekta kuwa aikin ya koma hannun kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota: ita ce ke tsawaita lokacin buɗewar nozul, ta kuma ƙara iskar silo, gwargwadon zafin ruwan da sensa ta gaya mata.

Akwai dalili na biyu, wanda shi ne ke ruɗar mutane. Idan inji ya yi zafi, kwamfuta tana sauraron sensar da ke bakin salansa, tana ƙara mai ko ta rage har cakuɗin ya tsaya kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, saboda haka tana rufa wa ƙananan kurakurai asiri. Da sanyin safiya kuwa wannan sensa ba ta fara aiki ba tukuna, kwamfuta kuma tana tafiya ne da lissafin da aka rubuta mata da bayanan da sauran sensa suka ba ta. Laifin yana nan dare da rana, amma da asuba ne kawai babu mai rufe shi. Shi ya sa ƙorafin yake ƙaruwa a lokacin hunturu, musamman a garuruwa irin su Jos, inda sanyin asuba yakan sauka kusa da digiri 10.

Shin hakan na nufin mataccen inji aka sayar mini?

Ba lallai ba ne, kuma a mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Amma tun da dillalai sukan ba da ɗan taƙaitaccen wa'adi na mayar da kaya, hikima ita ce a kawar da wannan shakka tun a kwanakin farko ta hanyar auna matsin silinda. A wannan inji bai kamata kowace silinda ta yi ƙasa da psi 145 ba (psi ma'aunin matsi ne), kuma bambancin da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce psi 15. Idan huɗun duka sun ba da lamba mai kyau kuma kusa da juna, to ringi da bawul lafiyarsu ƙalau, sai a daina zargin dillali a koma ga abin da aka yi a gareji ranar da aka ɗora injin.

Wane gwaji ne ya kamata a fara da shi?

A bar motar ta kwana a gareji, kada kowa ya taɓa ta. Da safe, kafin a tayar da ita, a kunna makulli kawai, a haɗa sikana, wato na'urar da ke karanta bayanan kwamfutar inji, a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, a duba lambobi biyu: zafin ruwan inji da zafin iskar da ke shiga. Motar da ta kwana ba ta da dalilin da zai sa waɗannan biyu su bambanta da fiye da digiri uku zuwa biyar, kuma dole su yi kusa da yanayin garin a wannan safiya. Idan iska ta nuna digiri 15 amma ruwa ya nuna 60, to an sami ɓarawon: kwamfuta ta ɗauka injin da ɗuminsa, don haka ta hana shi ƙarin man da yake buƙata. Idan aka ga digiri 40 ƙasa da sifili, waya ce ta katse ko soket bai zauna ba. A nan kwamfuta za ta rubuta lambar P0115, ta koma aiki da wani ƙiyasi nata wanda bai dace da injin da ya kwana ba.

Wanda ba shi da sikana zai iya amfani da mita. Sensar ruwa ta Toyota juriyarta tana raguwa ne yayin da zafi ke ƙaruwa: a digiri 20 tana tsakanin om 2,000 da 3,000, a digiri 80 kuma ta sauko kusa da om 300. Gwajin ya fi inganci idan aka cire ta aka tsoma bakinta a ruwan sanyi, sannan a ruwan zafi, ana kallon lambar tana sauka a hankali ba tare da tsalle ba. Ya kamata kuma a sake aunawa daga can bakin soket ɗin kwamfuta, domin injinan Beljiyam da yawa suna zuwa ne da wayoyi a yanke, kuma haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif yana ƙara juriyar da za ta sa sensa mai lafiya ta yi ƙarya. Abin lura ga masu tsofaffin Toyota irin Camry mai injin 5S-FE shi ne, sensa biyu ce a wurin: mai waya ɗaya ta agogon gaban direba ce, mai waya biyu ita ce ta kwamfuta. An sha canja ta farkon alhali ta biyun ce ke da laifi.

1ZZ aka cire, 1ZZ aka saka. Ta yaya za a ce bai dace da motar ba?

Suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya, kuma a nan ne yawancin wahalar take samo asali. Corolla 'yar Amurka ta 1998 da 1999 tana da wannan inji ba tare da VVT-i ba, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, kuma da matsin cikin manifol, bututun da ke raba iska ga silindoji, take auna iska. Daga 2000 aka ƙara VVT-i, aka kuma koma sensar da ke auna iskar da ke wucewa bayan matatar iska. Ta 2003 da 2004 totur ɗinta na igiyar ƙarfe ne, tare da bawul na musamman mai kula da silo. Daga 2005 sai totur ya zama na lantarki, aka soke wancan bawul, aka kuma canja sensar bakin salansa daga tsohuwar mai lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 zuwa sabuwar da sikana ke nunawa kusa da bolt 3.3. Waɗannan biyu ba sa musayar aiki ko da soket ɗinsu ya shiga, kuma kwamfutar da aka yi wa ɗaya ba ta fahimtar yaren ɗayar.

Sai kuma 'yan'uwansa na Turai, wato 3ZZ-FE mai lita 1.6 da 4ZZ-FE mai lita 1.4, waɗanda ido ba ya saurin bambanta su da shi. Lambar da aka buga a jikin bulok ita ce shaida, ba murfin roba da ke saman inji ba, domin murfi ana iya ɗaukarsa daga ko'ina.

Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce, kayan lantarki su bi kwamfuta, ba inji ba. Idan kwamfutar motar ce aka bari, to totur, da nozul, da sensar iska, da sensar salansa su kasance irin waɗanda aka yi ta da su, ko dai na tsohon injin idan suna da lafiya, ko masu lamba ɗaya da su. Nozul da ke fesa mai fiye ko ƙasa da abin da kwamfuta ke tsammani yakan wuce ba a gane ba da rana, amma da safe sai ya nuna kansa da baƙin hayaƙi ko da mutuwar inji.

Sitata tana juyawa na tsawon lokaci kafin injin ya kama, amma da ya kama sai ya zauna daidai. Me ke jawo haka?

Wannan alama ta fi nuna matsin mai. Ya kamata a ɗaura agogon auna matsi a layin mai: a silo ana son psi 44 zuwa 50, kuma bayan an kashe inji ya kamata ya riƙe aƙalla psi 21 na tsawon minti biyar. Idan allurar ta faɗi ƙasa nan take, to ko dai bawul ɗin da ke cikin famfon mai ba ya riƙewa, man yana komawa tanki, ko kuma wani nozul yana ɗiga cikin silinda. Ana bambanta su da fulogi: wanda nozul ɗinsa ke ɗiga zai fito a jiƙe da warin fetur. A nan akwai abin da ya kamata a sani, wato Toyota da yawa na wancan zamani ba sa kunna famfo da zarar an murɗa makulli, sai sitata ta fara juyawa, don haka rashin jin ƙarar famfo ba hujja ba ce cewa ya mutu.

Kada kuma a manta da wuta. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 a zaune, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba yayin da sitata ke juyawa. Wayoyin at, waɗanda ke haɗa inji da jikin mota da kuma kan inji da kwamfuta, su ne abin da aka fi mancewa da shi ranar canjin inji, domin ƙanana ne kuma mota tana iya tashi ba tare da wasunsu ba. Haka nan akwai wata waya da ke sanar da kwamfuta cewa ana juya sitata, domin ta ba da man tashi. Idan rewaya ya yi wa sitata sabon layi ko maɓalli na daban ya tsallake wannan waya, injin zai yi ta wahala kowace safiya.

Tana kamawa, sai ta mutu nan take idan ban taka totur ba.

Iskar silo ce ta yi kaɗan. A motocin 2003 da 2004 a cire totur gaba ɗaya, a kwance bawul ɗin silo da ke ƙarƙashinsa, a wanke dattin da ya daskare har ɗan ƙarfen da ke ciki ya riƙa juyawa da yatsa ba tare da cijewa ba, sannan a mayar da shi da sabon gaskit domin ruwan inji yana bi ta wurin. Injin da ya yi watanni a kwantena da rumbun dillali yakan zo da wannan bawul a ƙame. Lambar da kwamfuta takan rubuta ita ce P0505. A motocin 2005 zuwa sama kuwa, farantin totur ɗin ne da kansa ke kula da silo, kuma baƙin dattin da ya taru a gefensa ya isa ya toshe ɗan ƙaramin sararin da iska ke bi. Tsumma da ruwan wanke totur sun wadatar.

Silo yana hawa yana sauka da kansa, ko kuma ya tsaya sama ya ƙi saukowa. Ina za a duba?

Da farko a sani cewa hawan silo da safe ba laifi ba ne. Injin da ya kwana yakan fara sama da juyi 1,000 a minti sosai, sannan ya riƙa sauka a hankali har ya tsaya tsakanin 650 da 750 idan ya yi zafi. Laifi shi ne ya ƙi sauka, ko ya riƙa numfashi kamar mai haki.

Abin da ya fi jawo wannan shi ne iskar ɓarauniya, wato wadda ta shiga inji ba ta bi ta gaban sensa ba. Kwamfuta ba ta san da ita ba, don haka ba ta ba ta rabonta na mai. Canjin inji kuwa yana buɗe mata ƙofofi da yawa: tiyon birki da aka tura ba a ɗaure ba, tiyon da ke fitowa daga murfin bawul, bakin ƙaramin bututu da aka bari a buɗe saboda ba a san inda yake zuwa ba, da babban tiyon iska wanda yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Shi wannan inji yana da nasa sanannen rauni, wato gaskit ɗin da ke tsakanin manifol na roba da kan inji. Idan ya tsufa yakan taurare ya ƙanƙance da sanyi, iska ta shiga, da ɗumi ya zo kuma sai ya kumbura ya rufe. Toyota da kanta ta sake masa samfuri, ta fitar da wani mai ruwan lemo wanda ya fi jure sanyi. Mayar da tsohon gaskit a kan sabon inji, ko shafa masa gam, arha ce mai tsada.

Sikana tana iya tabbatar da zargin ba tare da an kwance komai ba. A duba kason man da kwamfuta ke ƙarawa a kan lissafinta na asali. Idan ya haura kashi 10 cikin ɗari a silo, amma ya sauko kusa da sifili da aka riƙe inji a 2,500, to iskar ɓarauniya ce, domin ramin da ke da tasiri a silo ba ya da wani nauyi idan iska ta yi yawa. Idan kuma ƙaruwa yake yi yayin da ake ƙara wuta, sai a koma ga famfon mai ko sensar iska mai datti, wadda ya kamata ta nuna kimanin giram 2 a daƙiƙa a silon inji mai zafi. Lambar P0171, mai nuna cewa mai ya yi wa iska kaɗan, takan biyo bayan duka biyun, shi ya sa lambar kaɗai ba ta isa a sayi kaya a kanta ba. Wajen gano ramin, hura hayaƙi cikin manifol ya fi aminci. Masu fesa fetur ko ruwan wanke kafireto a kan inji yana aiki suna samun amsa, amma kusa da kwayil da salansa wasa da gobara ne.

Akwai dalili guda da ba a cika tunawa da shi ba: iskar da ta maƙale a hanyar ruwa bayan an cika lagireto. Idan kumfa ya zo kan sensar ruwa, karatunta yakan yi tsalle, silo kuma ya bi shi. A buɗe murfin lagireto inji yana da sanyi, a kunna hita, a bar shi ya yi aiki ana ƙara ruwa har kumfa ya daina fitowa.

Bakanike ya cire tamostat ya kuma haɗa fanka kai tsaye, ya ce ƙasarmu akwai zafi. Yana da alaƙa da wannan matsala?

Yana da ita ƙwarai, kuma a ganina wannan al'ada tana cikin abubuwan da suka fi cutar da motoci masu injekta a garejinmu. Tamostat na wannan inji yana fara buɗewa ne tsakanin digiri 80 da 84, kuma aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi. Idan babu shi, ga fanka tana kaɗawa tun daga murɗa makulli, injin zai daɗe bai yi zafi ba, a safiyar hunturu ma wataƙila har a isa inda za a je bai kai ba. Duk tsawon wannan lokaci kwamfuta tana ganin sanyi, tana ƙara mai, tana ɗaga silo. Sakamakon shi ne shan mai, da fulogi masu baƙi waɗanda za su wahalar da tashin gobe, da fetur da ke wanke baƙin mai daga bangon silinda yana cinye ringi. Motocin nan suna aiki da tamostat ɗinsu a Saudiyya da jihohin hamada na Amurka. Idan mota tana zafi fiye da kima, to lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ba ya riƙe matsi, ko famfon ruwa ya gaji, kuma can ya kamata gyara ya nufa.

Me zai hana a ɗaga silo da ɗan sukurun da ke jikin totur a huta?

Wannan sukuru ba na silo ba ne. An saita shi tun daga masana'anta domin kada faranti ya cije a bango. Idan aka murɗa shi, sensar totur za ta daina nuna cewa ƙafa ta sauka, kwamfuta ta daina kula da silo yadda ya kamata, giya mai canja kanta kuma ta fara bugu. A bar shi yadda yake.

Injin yana karkarwa na ɗan lokaci da safe kamar silinda ɗaya ba ta aiki, sannan ya daidaita.

Lambobin P0301 zuwa P0304 suna faɗin silindar da ke fashi. A musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta. Idan laifin ya bi kwayil, an gama. Idan bai bi ba, a yi haka da fulogi, wanda tazarar bakinsa milimita 1.1 ce, sannan nozul, wanda juriyarsa take kusa da om 14. Juriya mai kyau ba ta nufin feshi mai kyau, domin fetur da ya bushe a ciki yakan sa nozul ya riƙa tsiyayar da mai maimakon ya watsa shi kamar hazo, kuma injin mai sanyi ba ya iya ƙona irin wannan. A kai nozul ɗin inda ake wankewa da na'ura a ga feshin huɗun da ido.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, amma ruwan lagireto yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, ga farin hayaƙi mai kauri a tashin farko, to akwai yiwuwar gaskit ɗin kan inji yana sakin ruwa cikin silinda da dare. Fulogin wannan silinda yakan fito fes kamar an wanke shi. Wannan yana cikin 'yan lokutan da ya dace a koma wurin dillali da injin.

Baƙin mai ma yana da hannu. Abin da aka rubuta wa wannan inji shi ne 5W-30, amma da yawa ana zuba masa 20W-50. VVT-i da matsin baƙin mai yake aiki, ta cikin wani ƙaramin bawul da 'yar matata da ke kan inji, kuma idan datti ya sa bawul ɗin ya maƙale a buɗe, silo zai yi ta rawa. Cire su a wanke ba ya ɗaukar rabin awa.

Cire kan batir yana gyara wani abu?

Yana goge abin da kwamfuta ta koya a kan tsohon inji, wanda abu ne mai kyau bayan an gama gyara, amma yana goge lambobin laifi tare da bayanin yanayin da suka faru a ciki. A karanta su a rubuta tukuna. Haka kuma a tabbatar fitilar gargaɗin inji tana kamawa idan an kunna makulli, domin akwai motocin da ake shigowa da su an riga an kashe ta.

Yaya za a tabbatar an gyara kafin a biya kuɗin aiki?

Gwajin da aka yi da rana a kan inji mai zafi ba ya tabbatar da komai a wannan matsala. A sake barin motar ta kwana, a zo da safe a haɗa sikana, a tayar da ita ba tare da an taɓa totur ba. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, silo ya hau sannan ya riƙa sauka yayin da zafin ruwa ke hawa ba tare da tsalle ba har ya wuce digiri 80, babban tiyon lagireto ya ɗauki zafi bayan tamostat ya buɗe, fanka kuma ta kama da kanta ta tsaya da kanta. Daga nan a kunna fitilu da na'urar sanyaya mota, a saka giya ana taka birki: silo zai ɗan nutse ya dawo, kason man da kwamfuta ke ƙarawa kuma ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, a silo da kuma a 2,500.